Sai Ƙafa Ta Taka Gaɓa

A daminar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama, ina gida hutu daga makarantar 'yan mata ta Kano, sai masinja ya kawo takardar waya daga Haɗeja. A ƙauyenmu na hayin kogi ni kaɗai ke karanta Turanci. Yayana da ke cikin sojojin ne ya bugo, yana cewa zai yi *arrive*, wato zai iso, ran Alhamis.

Inna ta ci gaba da tankaɗe kamar ba ta ji ba, saboda kunyar ɗan fari. Goggo kuwa cewa ta yi, "Ai ya iso ke nan! A ɗaure ragon nan."

Ni kuwa kalmar *arrive* ce ta tsaya mini a rai. Malamarmu ta taɓa buɗe mana ƙamus a kan kalmar nan. Ingilishi aro ya yi daga Faransanci, shi kuma ya gada daga Rumawan dā masu cewa *ad ripam*, wato zuwa gaɓa. Tun asali maganar matuƙa jirgin ruwa ce, ba a cewa mutum ya iso sai ya taka tudu. A aji abin ya yi mini daɗi, har na rubuta shi a bangon littafina. Yanzu kuwa kogi ya shanye gonakin shinkafa, ya tafi da kwalekwalen fito, ga Yaya bai taɓa iya iyo ba.

Ran Alhamis da hantsi muka hango shi a wancan hayi cikin kaki. Masu fito suka kifa shi a kan gora, suka sa akwatinsa a babbar ƙwarya, suka shiga turawa. Goggo ta kama hanci za ta rangaɗa guɗa, na riƙe mata hannu.

"Goggo, dakata, bai iso ba."

"Ke 'yar boko, ba ga shi can ba? Ko karatun ya cinye miki ido?"

A tsakiya ruwa ya ja su gabas, suka ɓace bayan dogayen ciyayi. Goggo ta matse mini yatsu. Na rasa addu'ar da zan kama, sai "gaɓa, gaɓa" nake ta faɗi a zuci.

Can nesa da mashiga Yaya ya ɓullo, laka har gwiwa, yana tari.

"To yanzu, Goggo," na ce.

Na bar ta tana guɗa, na ruga gida. Inna na tsaye a zaure, rariya a hannu, ba gari a ciki.

"Inna, ya taka gaɓa."

Sai ta zauna a ƙasa.