Ciyawar Ruwa a Ɗakin Laure

Illo mai yankan gilashi maƙwabcina ne a Sersouf, wata unguwa can cikin hamada, shekara goma sha ɗaya katanga guda ce tsakaninmu. Mutumin Madarunfa ne, ga taurin kai, bai iya tambayar kowa komai ba. Matarsa Laure a bakin tafkin garinsu ta girma. Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita a 2001, sai ta daina cin abinci, magana ma ta ɗauke. Abu na ƙarshe da ta ce masa shi ne tana son ganin ruwa da ganye.

Mai da ita gida ba zai yiwu ba, hanyar hamada ba ta marar lafiya ba ce. Sai Illo ya haɗa akwatin gilashi da hannunsa, ya zuba yashi da ruwa, wani direba ya kawo masa ciyawar ruwa da ƙananan kifi biyar daga birnin Alje. Ya ajiye a ƙuryar ɗakinta, ya toshe taga, ya lulluɓe shi da tsumma kamar randa. Haka muke a garin nan, duk abin da muke ƙauna ɓoye shi muke kada rana ta gan shi.

Sati biyu ganyen ya yi rawaya, ya fara narkewa. Na ce masa duhu ne, ya ce me mai sayar da taliya irina ta sani. Washegari dai ya fito da akwatin tsakar rana. Kwana huɗu ruwan ya koma kamar miyar kuka, kifi biyu suka mutu, Laure kuwa sai ramewa take. Na tarar da shi a bakin ƙofa yana hawaye, tausayi ya sa na haɗiye baƙar maganar da na tanadar masa.

Tahiru, mai lambu daga ƙauyen Hirafok da ke kawo mini tumatir, shi ya leƙa akwatin ya ce, "Malam Illo, wagga ai kamar na'ana'a ce ƙarƙashin ɓaure. Haske take so, ba ƙuna ba."

Illo ya canza ruwan, ya mai da akwatin gaban gadonta, ya rataya dogon ƙwan lantarki a samansa. Da hantsi ya kunna, bayan la'asar ya kashe, kullum.

Wata guda sabon ganye ya fito. Ran nan aiki ya riƙe shi har magariba, ina zaune wurin Laure ya shigo. Ta dube shi, da ƙyar harshenta ya juya.

"Ka makara. Kashe wa kifin nan wutar su huta. Ni kuma yunwa nake ji."

Ban taɓa ganin an yi wa mutum faɗa yana murna irin haka ba.