Hoton Inna a Kasuwar Yauri

Shekarar da itace ya yi wuya a ƙauyenmu na bakin ruwa, kusa da Warra, Inna ta gaji da murhun duwatsu uku. Iskar tafki ke kwashe wutar, kafin tukunya ta tafasa itace ya ƙare. Sai ta jawo wani tsohon bokitin ƙarfe da gindinsa ya cinye, ta yanke masa ƙofa a gefe da adda da guduma. Ta ɗebo laka, ta cuɗa da ƙaiƙayin shinkafa da kashin shanu, ta shafe cikinsa da kauri, ta gitta guntayen rodi uku a sama. Na farko ya tsage, ta fasa ta sake. Na biyun ne ya zauna. Itace huɗu ke gama mata tuwo da miya. Mata suka riƙa zuwa da ruɓaɓɓun bokitansu tana nuna musu.

Ina aure a Yauri lokacin, amma na zo ganin gida ranar da wasu mutum uku 'yan wata ƙungiya suka iso da mota. Inna ta shimfiɗa musu tabarma, ta dama musu fura. Suka durƙusar da ita gaban murhu suna ta ɗaukar hoto, har ɗaya ya ce ta canza sabon zanenta ta ɗaura tsoho.

Bayan wata biyu, ina cikin kasuwa na ɗaga kai na ga Inna jikin wani ƙaton allo. An rubuta wai 'yan ƙungiyar nan ne suka koya wa matan karkara murhun zamani. Ko cefanen ban gama ba na nemi ofishinsu.

Wanda na tarar ya ce, "Hajiya, ai gata muka yi mata, duniya ta san ta."

Na ce, "A mi ta san ta? A wadda ba ta iya komai ba? Cikinku wa ya taɓa cuɗa laka?"

Ya ce oga ba ya nan, in dawo jibi. Sau uku ina komawa. Ba su cire allon ba, ba wanda ya ba da haƙuri.

Na je gida na faɗa wa Inna duk yadda muka yi. Bayan damina 'yan ƙungiyar suka dawo da na'urar ɗaukar bidiyo, suka yi sallama a ƙofa. Tana tsakar gida ta ɗaga murya yadda za su ji, ta ce wa maƙwabciyarta, "Ce musu ba ni nan."