Ɗakin Ya Gumsu Ba Ƙamshi

Baƙo ba ya tambayar gidan Ya Gumsu a layinmu na Fezzan, hancinsa ke kai shi. Turaren wuta take haɗawa tun tana amarya, wajen uwar mijinta ta koya. Katanga ɗaya ta raba mu, ko miyar kuka na kaɗa sai ta yi ƙamshin gidan biki. Ga ji da kai. In ta shigo wajena sai ta ɗaga hanci ta ce, "Inno, nan ɗaki ne ko rumbu?"

Khairat, 'yar ɗanta Taufiq, ita ce ranta. Tun yaye aka kawo mata ita. Yarinyar kullum atishawa, ido jajur, ƙirji na kuka kamar 'yar mage. Gumsu ta ce bakin mutane ne, maganin baki kuwa hayaƙi. Sai ta ƙara garwashi a kasko, ta rufe taga, ta turara kayan yarinyar har su yi ɗumi. Tari ya ƙaru, ta ƙara turare.

Wata la'asar numfashin ya sarƙe, aka kwashe ta a keke sai asibiti. Likita ya ɗaga rigar yarinyar kawai ya ji ƙamshin turare, ya tambayi abin da ake ƙonawa a ɗakin da take kwana. Gumsu ta faɗa masa, har da sunayen itacen, da alfaharinta. Tana cikin lissafi ta ga fuskar ɗanta da ya biyo su, ta yanke maganar.

Taufiq bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Iya, Khairat za ta ɗan zauna wajenmu a Mafoni." Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Washegari na same ta tana tuge labule. Ta naɗe kafet ta bayar, ta fitar da matasan kai, ta wanke bango da sabulu. Kayan sana'ar ta kai gidan ƙanwarta, can take haɗawa yanzu, in ta dawo ta yi wanka ta sake zane.

Na ce, "To, Ya Gumsu, barka da shigowa rumbu."

Ba ta rama ba. Ta ce, "Da hannuna nake rufe tagar, Inno."

Sai bayan damina Taufiq ya yarda ya kawo yarinyar wuni. Khairat ta shiga, ta shinshina, ta ce, "Kaka, ina ƙamshinki?"

"Ya yi tafiya, ƙawata."

Bayan azahar yarinyar ta yi barci a tabarma, taga a buɗe. Ba tari, ba kukan ƙirji. Na ce alhamdulillahi. Gumsu kuwa ta kasa kunne a kan numfashin nan, hawaye na zuba.

"Kin ji ko?" ta ce. "Ashe haka take barci in ban taimake ta ba."

Da yamma Taufiq ya zo, ya daɗe a bakin ƙofa yana kallo. Ya koma Mafoni shi kaɗai.