Mabiyiya a Cikin Kula

Shekarar da aka yi wa matata dashen hanta a ƙasar waje, ɗanmu na fari ne ya ba ta yanki daga tasa. Kafin aikin ya bugo mini waya daga can, ya ce inda aka fi jin tsoro shi ne mahaɗar hanyar ruwan matsarmama, takan yi yoyo ko ta tsuke, don haka likitoci za su naɗe wurin da tantanin mabiyiya. Na rubuta da ajami a bangon littafina. Ban tambayi inda za su samo ta ba. Na ɗauka kamar jini ne, dangi ke kawowa.

A makon da ya bugo wayar 'yata ta haihu a gidana, a Dayi. Na ja ungozoma gefe na ce, "Iya, kada a binne wannan. A sa mini ita a cikin kula mai ƙanƙara."

Ta dube ni. "Malam, mabiyiya a kula? Zoɓo ce?"

Washegari da na gaya wa ɗana na tanadar musu mabiyiya, ya yi dariya a waya, ya ce asibiti na da nasu tanadin. Muka binne ta a bayan ɗaki. Amma magana ta riga ta kai kunnen mijin ungozomar, mai awon masara, wanda ya daɗe yana so wa ƙanensa limancin masallacin unguwarmu. Bayan La'asar ya miƙe a sahun gaba ya ce shi ba ya bin mai tsafi da mabiyiyar jikansa. Shekara ashirin ina jan su salla, a mako guda aka sauke ni. Matata ta dawo da lafiyarta, ko sannu matan unguwa ba su shigo yi mata ba.

Bana ciwo ya kwantar da mai awon masarar. Babban ɗansa ya zo ya durƙusa a zaurena.

"Baba Malam, ya ce ka yafe masa."

"A ina ya faɗa?"

"A ɗakinsa."

"Ba a ɗaki ya ɓata ni ba. Ku ɗauko shi a tabarma, ku kawo shi masallaci, ya ƙaryata kansa a gaban jama'a."

"Jikin ya yi nauyi, Baba."

"Ai ku huɗu ya haifa, duk ƙarti."

Na san falalar yafiya, na sha karantar da ita. Amma haƙƙina ne, Allah bai tilasta mini ba. Har yau ba su kawo shi ba. In ya riga ni tafiya, to, a can ma akwai taron jama'a.