Littafin Sirajo da Cazar da Bai Kai Ba

Shekara shida ke nan. Ranar Talata ce, da misalin ƙarfe biyu da rabi, an idar da sallar Azahar, a ƙofar masallacin wani ƙauye da ke can cikin yankin Kajiji. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, domin akwai mutanen kirki a cikinsa, kuma har yau ina shiga. Waɗanda ke wurin su ne ni, da abokina Sirajo, da mazan gari masu yawa, sai wata ma'aikaciyar lafiya, Malama Balkisu, wadda ta iso a makare. Ba a kira La'asar ba sai da Sirajo ya cika.

Tare muka tashi da shi a Bodinga. Ni na bi aikin rediyo, shi ya zama malamin lissafi a sakandare. Wata shekara wata ƙungiya ta tattaro tsofaffin kwamfutoci daga ofisoshin da suka daina amfani da su, aka goge su, aka sa musu manhaja ta kyauta, irin wadda ba ta da mai ita. Kowa yana da iznin ya buɗe ta ya ga yadda aka gina ta, ya gyara, ya ba wani. Wannan ne ya kama zuciyar Sirajo. Yakan ce ba a ɓoye komai a cikinta ba, duk mai shakka ya zo ya duba. Aka ba shi rabon Bodinga da Shagari ya raba wa gidaje.

Ya kafa sharaɗi guda, bai taɓa sauka daga kansa ba: kwamfuta ba za ta shiga gida ba sai an sami wanda ya yi alkawarin zuwa gidan sau ɗaya a mako ya koyar, don Allah. Ya ce in ba haka ba, za ta ƙare a ƙarƙashin gado an ɗora mata kwanoni. Saboda haka aikinsa na gaskiya ba rabon na'ura ba ne, neman mutane ne. Ni na karanta masa sanarwar neman masu koyarwa a rediyo, amma sanarwa ba ta kawo ko rabin waɗanda ya samu ba. Da ƙafa ya nemo su. Malaman Islamiyya, ma'aikatan asibiti, masu jiran sakamakon jarrabawa, tsofaffin ma'aikata da suka ajiye aiki. Ina zaune ranar da ya tare Baba Maccido, wanda ya yi shekaru yana buga tafireta a sakatariya.

"Baba, yatsun ga naka sun huta ya isa," in ji Sirajo.

"Kai, bar ni, ɗan nan. Idona ba shi ganin ƙananan baƙaƙe."

"Ana ƙara masu girma, Baba. In kana so sai in mai da ma kowane harafi kamar kan akuya."

Tsohon ya yi dariya har ya yi tari. Mako na zagayowa yana koyar da gida biyu a bayan kasuwa.

Sirajo mutum ne mai tsari, kuma mai kunya. Waɗannan halaye biyu su ne suka cika masa littafinsa. Littafi ne mai baƙin bango, kowane ƙauye da shafinsa. A sama yakan zana garin da biro: ga masallaci, ga rijiya, ga kuka, ga gidan da aka ba kwamfuta an kewaye shi. A ƙasa sai bayani. Gidan yana da sola ko babu, domin sai da wuta na'ura ke aiki. Wace hanya babur zai bi da damina. Sannan lokacin da maigida yake gida, domin Sirajo bai yarda wani mai koyarwa, mace ko namiji, ya yi sallama a ƙofar mutum ba ya nan ba. Ya ɗauki wannan a matsayin ladabi, kuma ladabin ne. Ni da shi mun sha buɗe littafin nan muna shan shayi, ba wanda ya taɓa tunanin yadda wani ido zai karanta shi.

A ƙauyen da nake magana, gidan Alhaji Haliru aka ba kwamfuta, Malama Balkisu ce ke shiga tana koya wa matan gidan da 'ya'yansu. Ta aiko cewa cazar kwamfutar ta lalace. Sirajo ya samo wata, ya ce in raka shi, in naɗo muryoyin masu koyo don shirina. Muka tashi daga Bodinga da hantsi a kan babur ɗinsa, muka tsaya a Shagari ya gana da mutum biyu da yake zawarcinsu su shiga aikin, sannan muka sauka daga kwalta. Abin da ba mu sani ba shi ne, kwana huɗu kafin nan 'yan bindiga sun shiga garin sun ɗauke Alhaji Haliru, sun harbi maƙwabcinsa. Sun zo bayan La'asar, ta hanyar bayan gari. Balkisu ta yi ta neman Sirajo a waya ta ce kada ya zo, sabis bai bari ba.

Na lura da shirun garin tun daga bakin gonaki. Ba a jin daka, ba a jin yara. Na lura, duk da haka muka shiga. Al'adar Sirajo ce ya fara sauka a ƙofar maigari ya yi gaisuwa, a haɗa shi da wanda zai raka shi. Ranar muka tarar maigari ya tafi Shagari. Sirajo ya ce ai caza ce kawai, mu miƙa mu juya, gaisuwa sai wani zuwa. Wannan ne karo na farko da ya shiga garin ba ɗan gari a gefensa.

Mun yi salla tare da su. Da aka fito, Sirajo ya tambayi wani ko Alhaji Haliru yana gida. Mutumin ya juya ya kira wani dogo mai suna Labbo, ƙanen Alhajin. Kafin mu ankara an kewaye mu.

"Wa ya aiko ku?" in ji Labbo.

"Ba wanda ya aiko mu, Malam. Ni na kawo kwamfutar gidan Alhaji. Caza nika kawowa."

"Mi ag ga jakar ga?"

Sirajo da kansa ya buɗe jakar ya miƙa. Ya gaskata cewa duk abin da aka buɗe a fili ba ya cutar da mai shi. Labbo bai yi boko ba, amma zane ba ya bukatar boko. Ya ga masallacin da muke tsaye a gabansa, ya ga rijiya, ya ga gidan yayansa an kewaye shi da jan biro. Ya miƙa wa mai kemis ɗin garin littafin.

"Karanta muna."

Mai kemis ya karanta, kuma bai ƙara ko kalma ɗaya ba. "Gidan Alhaji Haliru. Sola biyu. Maigida yana gida bayan La'asar. Hanyar bayan gari ta fi wa babur daɗi."

Na ji yadda numfashin mutane ya sauya. Sirajo ya ɗaga hannu ya fara bayani, da muryarsa ta aji, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Bai kai ga na biyu ba. Gora ta sauka a bayan wuyansa, ya durƙusa. Wani ya fizge kwamfutarsa daga jaka ya ce ita ce mai idon da ke nuna wa 'yan daji cikin gidaje, ya ɗora ta a kan dakali ya sara da fartanya. Na ce ni ma'aikacin rediyo ne, na faɗi sunana, na ce sun san muryata. Dutse ya same ni a baki, haƙora biyu suka zube. Aka karya mini hannun hagu da taɓarya. Daga ƙasa nake kallon sauran.

Sun doke shi da gora da itacen wuta da ƙotar gatari. Ya yi ƙoƙarin tashi sau biyu. A na biyun wani ya sare shi da adda a kafaɗa, farar rigarsa ta rine har gwiwa. Bai zagi kowa ba. Yana ta cewa a kira Malama Balkisu, a kira Malama Balkisu, har maganar ta daina fita. Liman ya shiga tsakani, aka ture shi, rawaninsa ya faɗi cikin ƙura. Wasu suka tuntsurar da babur suka buɗe tanki suka kunna masa wuta, na ji ana cewa a jawo shi a ɗora a kai. Sun kama ƙafafunsa sun fara ja.

A nan Balkisu ta iso da gudu daga ɗakin shan magani, ba takalmi. Ta ratsa maza ta faɗa a kansa, ta rufe shi da hijabinta.

"Ni nic ce shi rubuta! Ni nib ba shi lokacin Alhaji, don kar in shiga gidan mutum ba shi nan! Labbo, kai ban karɓi haihuwar ɗiyanka ba? In ƙonawa za ku yi ku haɗa da ni!"

Ba wanda ya iya ɗaga sanda a kan matar da ta shiga ɗakin kusan kowannensu. Suka ja da baya, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kallon hannunsa. Liman ya samo motar ɗaukar hatsi, aka shimfiɗa mu a baya. A hanyar Shagari Sirajo ya buɗe ido sau ɗaya. Na kai kunnena bakinsa. Ya yi kalmar shahada, sannan ya ce cazar tana aljihun rigarsa, a ba Balkisu. Ba mu kai kwalta ba ya cika.

An kama wasu, an sake su daga baya. Ban bi shari'ar ba, kuma ba don ita nake rubutu ba. Na daɗe ina ƙin mutanen nan, sai na gane ƙiyayyar ba ta bayyana mini komai. Mutane ne da aka shiga garinsu tun rana ba ta faɗi ba aka ɗauki nasu, suka kwana huɗu suna duban juna suna tambayar wanda ya nuna hanya. Wannan bai wanke su ba. Sun kashe mutumin da ya miƙa musu jakarsa da hannunsa, ba su ba shi minti biyu ya ƙarasa magana ba. Zan faɗi haka a gaban kowa, na kuma faɗa a ƙofar masallacin nan.

Nakan tambayi kaina abin da Sirajo zai ce da ya ga yau. Zai yi murna da ya ga yaran ƙauye suna zama gaban kwamfuta a jarrabawar shiga jami'a ba tare da tsoro ba, domin abin da ya fi damunsa ke nan: yaro ya san amsa, na'ura ta kayar da shi. Zai yi wa Baba Maccido tsiya, wanda yanzu yake gyara wa jikokinsa rubutu da manyan haruffa. Amma na san abin da zai hana shi sakewa. Yanzu ba a bukatar littafi mai baƙin bango. Hoton mutum ake sakawa a waya, a rubuta a ƙasa cewa shi ne mai kai wa 'yan bindiga labari, kafin azahar ya zagaye ƙananan hukumomi uku. Ina jin da zai ce aikin ya ƙaru, domin wanda aka koya wa latsawa ba a koya masa tsayawa ya bincika ba, rabin karatu aka ba shi.

Bayan rasuwarsa aikin ya kusa mutuwa. Gidaje da yawa sun fitar da kwamfutocin, wasu sun jefa a rijiyar da ba a sha, wasu sun dawo da su Bodinga a cikin buhu ba tare da sallama ba. Masu koyarwa fiye da rabi sun janye, kuma ban ga laifinsu ba. Waɗanda suka rage sun zauna sun sauya tsari. Yau ba mai shiga gari sai da gaisuwar maigari, in ba ya nan a koma. Ba a zana gidan kowa. Duk abin da za a rubuta game da gida, a gaban maigidan ake rubuta shi, a karanta masa da ƙarfi, takardar kuma ta kwana a hannun liman. Kowane layi na wannan tsari, mun san abin da aka biya kafin a same shi. Har yanzu ana neman masu koyarwa a Bodinga da Shagari da Mandera, musamman mata, domin su ke iya shiga cikin gida. Wanda yake da yamma ɗaya a mako, ana bukatarsa.

Alhaji Haliru ya kuɓuta bayan makonni. Da aka gaya masa abin da aka yi da sunansa, bai shiga gidansa ba sai da ya zo Bodinga ya durƙusa gaban mahaifin Sirajo. Labbo bai zo ba, har yau. Uwargidan Alhaji kuwa, ranar da aka fasa kwamfutar Sirajo, ta naɗe tasu a zane ta tura cikin rumbu ƙarƙashin damman gero. Da Alhaji ya dawo ta fito da ita.

Cazar ta kwana arba'in a hannuna, domin ban iya hawa babur ba. Da hannun ya warke na kai wa Balkisu. Ta goge jinin da ya bushe a jikin wayar cazar, ta haɗa da solar gidan Alhaji, kwamfutar ta kama. Ranar Alhamis ɗin makon ta koma koyarwa, mata uku a gabanta. Da wannan cazar ake aiki a gidan har yau.