Hannun da Ya Ƙi Miƙewa

Shekarar da ruwa ya cinye gonakin shinkafa daga Haɗeja har Guri, ni aka ba wa ɗaliban ajin ƙarshe na sashen gashin ƙashi, in kai su wani asibiti a Haɗeja su koyi aiki da hannunsu. Mun isa ruwan ya fara janyewa. Ta tagar mota muna ganin shinkafa kwance cikin laka, ta yi baƙi, warin ruɓaɓɓiyar ciyawa ya cika ko'ina. A jikin katangun da suka tsira akwai shaidar inda ruwa ya tsaya, wani wurin ya kai ƙirjin babban mutum.

Ɗakin da aka ba mu yana ƙarshen baranda, da gadaje biyu da sandunan koyon tafiya. Kullum da safe nakan zaunar da ɗaliban a bakin ƙofa, in ce kada wanda ya taɓa majinyaci sai ya gama kallonsa: yadda ya sauko daga adaidaita sahu, ƙafar da ya fi dogara da ita, yadda ya zauna. Yawancin masu zuwa mun san irin ciwonsu. Shanyewar ɓarin jiki, ciwon bayan masu dashen shinkafa, karayar da aka ɗora ta warke a karkace.

Biyu daga cikin ɗaliban ne suka fi tsaya mini a rai. Ɗaya saurayi ne ɗan Jahun, mai kaifin kai da saurin hannu. Ɗayar budurwa ce, iyayenta 'yan Filato ne da suka daɗe suna koyarwa a Haɗeja. A nan aka haife ta, Hausarta ma ta garin ce. Ba ta da yawan magana, sai kallo.

Wata safiya aka kawo mana wani magidanci daga wani ƙauye kusa da Guri, manomi ne, yana kuma taɓa kamun kifi. Ƙaninsa ne ya rako shi. Tafiyarsa lafiya lau, amma hannunsa na hagu a lanƙwashe yake a gaban ƙirji, kafaɗar ta ɗago, yatsun sun ƙanƙame. Ƙanin ya ce tun ambaliya hannun yake haka. Mai ɗori ya duba bai ga karaya ba, an yi hoton ƙashi ba a ga komai ba, ya sha rubutu, an yi masa hayaƙi. Ko riga sai an tsaga mata gefe yake iya sawa.

Na ce wa saurayin ya duba shi. Ya bi tsarin da na koya musu daidai. Ya tattaɓa wuya da kafaɗa, ya gwada ji a fata, duk lafiya. Sannan ya riƙe gwiwar hannun da wuyan hannun ya ce, "Baba, saki jikinka, zan ɗan miƙa shi kaɗan."

Ya ɗan fara ja kaɗan. Mutumin ya yi wata irin ƙara da ban taɓa jin majinyaci ya yi ba, ya duƙunƙune a kan hannun yana cewa, "Kada ka buɗe! Don Allah kada ka buɗe!" Saurayin ya ja da baya. 

Budurwar ce ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya. "Malam, ba ciwo yake karewa ba. Dubi tazarar da ke tsakanin hannun da ƙirjinsa. Kuma tun da ya zauna yake ɗan jijjiga."

Na duba. Haka ne. Hannun bai manne da jiki ba kamar na mai shanyewar ɓari. Akwai fili a ciki, daidai wurin ƙaramin yaro.

Na sallami sauran ɗaliban, na bar su biyun. Na jawo kujera na zauna a gabansa, na jira numfashinsa ya daidaita. Sannan na ce, "Malam, wa ke hannunka ranar?"

 Da ya fara magana, bango yake kallo. Ya ce 'yarsa ce, autarsa, ba a daɗe da yaye ta ba. Ruwa ya shigo gari, suka shiga kwalekwale za su haye tudu, mutane sun yi masa yawa, ya kife a inda doguwar ciyawar kacala ta yi duhu. Shi gwanin ruwa ne tun yana yaro. Ya rungume ta da hagu, ya yi iyo da dama, yana jin nauyinta a ƙirjinsa har ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Da ya fito ya duba, babu kowa a hannun.

"Likita," ya ce, ya juyo ya dube ni, "hannun nan bai buɗe ba. Ga shi kana gani, yadda na riƙe ta haka yake. To ta ina ta fita?"

 

Na haɗa shi da likitan da ke duba masu damuwa, mu kuma muka ci gaba da namu aikin, don in an bar gaɓa haka za ta sandare. Na hana kowa jan hannun. Saurayin ya riƙa yi masa gashi da ruwan ɗumi, yana murza kafaɗa a hankali, yana motsa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Na ga yaron nan ya canza. Kafin ya taɓa ko'ina sai ya ce, "Baba, zan taɓa nan, ka yarda?" Yatsun suka fara sakewa, amma gwiwar hannun ta ƙi.

Budurwar ce ta kawo shawarar tawul. Ta ce a naɗe shi a sa a cikin filin nan, ya riƙe wani abu na gaske, sannan a roƙe shi ya miƙo. Na yi ta juya maganar a raina, don ina tsoron abin da za mu tayar. Daga baya na faɗa wa mutumin abin da muke nufi, ban ɓoye masa komai ba. Ya ce a gwada.

Ta sa masa tawul ɗin. Hannun ya rufe a kansa nan take, ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da jijjigawa. Muka ƙyale shi. Can ta durƙusa a gabansa, ta tara hannuwanta biyu ta ce, "Baba, kawo in riƙe maka. Ka gaji."

Na ga tsokar damtsensa tana karkarwa. A hankali gwiwar hannun ta buɗe, ba duka ba, amma ta buɗe. Ya ɗora tawul ɗin a hannunta da kulawa, har yana tallafe gefe ɗaya da dama. Ita kuma ta karɓa ta riƙe a ƙirjinta, ta rasa inda za ta ajiye shi. Ƙanin ya fita baranda yana kuka.

Daga ranar aikin ya yi sauri. Kafin mu bar Haɗeja yana sa riga da kansa, yana ɗaga buta, yana dafa ƙasa da tafin hannu biyu in zai yi sujada. Ranar da muka sallame shi ya yi mana addu'a mai tsawo. Har ya kai ƙofa ya dawo ya ce, "Kun gyara hannu, Allah ya saka da alheri. Sai dai da can ina jin nauyinta a nan. Yanzu ba na ji."

Bai faɗa da fushi ba. Ya faɗa ne kawai, ya tafi.

A mota, kan hanyar komawa makaranta, budurwar ta zauna kusa da ni har muka yi nisa. Sannan ta ce, "Malam, mun kyauta masa kuwa?" Na ce yana da sauran 'ya'ya da zai ciyar, kuma manomi ba ya noma da hannu ɗaya. Ta gyaɗa kai. Ni kaina na san amsar ba ta cika ba.

Bayan wasu shekaru na haɗu da shi a kasuwar kifi ta Haɗeja, yana sauke kwandon banda daga bayan babur. Shi ya fara gane ni. Muka gaisa, ya tambayi yaran nan biyu, na ce duk sun gama suna aiki, ita tana Jos. Ya ce a gaishe ta. Na tambayi iyali, ya ce lafiya, matarsa ta sake haihuwa, namiji. Sannan ya ce har yau ba a ga yarinyar ba, ko ɗankwalinta. Ya ce duk rani in ruwa ya ja, yakan shiga cikin kacalar nan ya dudduba.

Wani ya kira shi a kan cinikin kifi, ya ɗauki kwandonsa ya shige cikin mutane.