Ranar da Na Zama Hauni

Ina da shekara ashirin da 'yan kai aka ɗauke ni koyarwa a makarantar boko ta cikin birni. Zuwan Turawa bai yi nisa ba a lokacin, don tsofaffin da suka ga shigowarsu da idonsu suna nan da yawa. A Gwammaja nake zaune, gidan mahaifina.

Baturen makaranta ne ya kawo maganar wasan kwaikwayo. Ya ce a ƙarshen zango mu nuna wa iyaye wani abu daga tarihinmu. Wani abokin aikina mutumin Dukawuya, wanda ya girme ni sosai, shi ya zaɓi labarin: wani waliyyi na zamanin da, sarkin lokacinsa ya nemi ya halatta masa ƙwace gonakin marayu, ya ƙi, aka sare shi a bakin kasuwa. Shi ya rubuta, shi kuma ya fito a waliyyin.

Babban malaminmu bai so ba. Ya ce masa, "Malam, idan fada ta ji, za ta ce da ita muke. Idan Bature ya yi dogon tunani, zai ce da shi muke." Amma Baturen ya riga ya karanta ya sa hannu, babu damar janyewa.

Kowa ya sami matsayinsa sai hauni, mai sare kan wanda aka yanke wa hukunci. Babu ɗalibin da ya yarda ya karɓa, ko a wasa. Da abin ya ƙi ci gaba, na ce ni zan yi. Wani masassaƙi a Ƙofar Ruwa ya yi mana takobin itace, muka shafa masa toka da ƙaro har ya yi fari. Mahaifiyata ta ce kada ya kwana mata a gida, sai na riƙa barin sa a makaranta.

Ranar wasa, bayan la'asar, muka rataya tabarmi biyu a gindin durumi suka zama labule. Bature na kan kujera, wakilin hakimi na gefensa da dogarai biyu, iyaye na zaune a ƙasa. Na leƙa ta tsakanin tabarmin. A layin gaba akwai wani tsoho na unguwarmu, igiya yake tufkawa yanzu, amma kowa ya san kafin Turawa shi ne haunin gaske. Ba a gaishe shi da doguwar gaisuwa. Jikansa na ajin da nake koyarwa, shi ya sa ya zo, ni kuwa ban taɓa kawo haka a raina ba.

Aka fara. Da waliyyi ya ce wa sarki, "Ranka ya daɗe, ba zan sayar da lahirata don gonar da ba taka ba," wurin ya yi tsit. Na ga wakilin hakimi ya gyara amawalinsa ya sunkuyar da kai. Bature ya fito da ɗan littafinsa ya yi rubutu.

Aka zo kaina. Na jawo abokina, an ɗaure masa ido da ƙyalle, na durƙusar da shi. Yana ta maimaita kalmar shahada a hankali. Na ɗaga takobi.

Ban ga tasowar tsohon ba. Ji kawai na yi an damƙe min wuyan hannu, damƙar da ban zaci tana jikin mai shekarunsa ba. Dogarai suka miƙe. Wakilin hakimi ya ɗaga musu hannu, suka tsaya a inda suke.

Na ce, "Baba, wasa ne. Itace ne."

Ya ce, "Na sani. Amma ba haka ake yi ba. Ba ka nemi gafararsa ba."

Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. Abokina, da bai ga abin da ke faruwa ba, ya dakata da maimaita shahadar.

Tsohon ya ce, "Kafin ka ɗaga, sai ka durƙusa ka ce masa sa ka aka yi. Yi."

Na dubi babban malaminmu, ya kau da kai. Na durƙusa, na ce, "Malam, sa ni aka yi. Ka yafe min."

Babu wannan a cikin abin da muka haddace.  Tsohon na tsaye a kanmu, ina jin numfashinsa. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "Akwai wanda bai amsa min ba. Malami ne shi ma."

Sai abokina ya juyo da fuskarsa wajen muryar, idonsa a ɗaure, ya ce, "Na yafe. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Tsohon ya tsaya jim, ya gyaɗa kai, ya bi ta tsakiyar mutane ya fita. Suka riƙa janye ƙafafunsu suna ba shi hanya. Ni kuwa na kasa miƙewa in ƙarasa saran. Wani ya saki tabarma ta rufe mu, wasa ya ƙare a haka.

Bature ya kira babban malaminmu ya tambaye shi wane ne mutumin. Ya ce masa wani dattijo ne da wasan ya taɓa zuciyarsa, bai ƙara komai ba. Bature ya yi murmushi ya ce an yi ƙoƙari. Bayan kwana uku saƙo ya zo daga wakilin hakimi cewa kada a sake yin wannan wasa, kuma a kai masa takardun wasan. Abokina ya kai da kansa. Da aka dawo sabon zango aka mayar da shi wata makaranta a ƙauye, ba a faɗi dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Tsohon ya ƙara shekara biyu a duniya. Kullum na wuce ƙofarsa sai in tsaya in gaishe shi, ya amsa yana tufkarsa. Bai taɓa ɗauko maganar ba, ni ma haka. Da ya rasu, waɗanda suka raka shi ba su da yawa, ina cikin waɗanda suka ɗauki makara.